HAKEEM OLAJUWON: ƊAN WASAN DA BAI AJIYE ADDININSA A ƘOFAR WURIN AIKI BA



Wataƙila waɗansu masu karatu su yi mamakin ganin labarin ɗan ƙwallo a filin da aka keɓe domin addini. Dalilinmu shi ne wani uzuri da muke yawan ji daga bakin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. In an yi wa ɗan kasuwa maganar riba, sai ya ce zamani ne ya zo da haka, wanda bai ci bashin banki ba ba zai taɓa tashi ba. In an yi wa ma'aikaci maganar salla a kan lokaci, sai ya ce aiki ya yi yawa, kuma na sama ba za su gane ba. To, ga labarin wani ɗan ƙasarmu wanda ya yi sana'arsa a Amurka, cikin 'yan wasa, wurin da dukiya da suna da shagala suka taru fiye da yadda suka taru a kowace kasuwa ko ofis namu, kuma duk da haka ya tsare iyakokin Allah. Sunansa Hakeem Abdul Olajuwon.

Asalinsa da farkon wasansa

An haife shi a Ikko ranar 21 ga Janairu, 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi, sana'arsu sayar da siminti. Yana yaro ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya kuma yi ƙwallon hannu. Bai shiga ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15, yana ɗalibi a Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Ikko. Abin da zai ƙayatar da mutanen wannan nahiya tamu shi ne, gasar da ta sa ya fara wannan wasa a Sakkwato aka yi ta. Taron wasanni ne na makarantun horon malamai na ƙasa baki ɗaya, shi kuwa yana cikin 'yan ƙwallon hannu, sai aka roƙi arziki aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando saboda tsawonsa. A wancan zamani mu nan Moriki, da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, duk muna cikin Jihar Sakkwato, domin ba a yanke Zamfara ba sai 1996.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, mutum biyar ne a kowane ɓangare, kuma kowane ɓangare yana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwandon da aka rataye a bisa, tsawon ƙafa 10 daga ƙasa. Wanda ya fi kowa tsawo shi ake sa wa ya tsaya a gindin kwando, shi ne ake kira ɗan tsakiya. Aikinsa uku ne: ya kaɗe ƙwallon abokan hamayya kafin ta shiga, ya cafke wadda ta kuskure, sa'an nan ya jefa tasa daga kusa. Olajuwon tsawonsa ya kusa ƙafa 7, ga shi kuma tsaron gida ya koya masa saurin ƙafa wanda dogayen mutane ba su cika samu ba.

A 1980 ya tafi Amurka, ya shiga Jami'ar Houston ta Jihar Texas, a hannun wani mai horarwa da ake kira Guy Lewis. Shekararsa ta farko bai buga gasa ba, ta biyu kuwa kaɗan kaɗan ake sa shi. Sai ya riƙa zuwa wani zauren wasa a lokacin hutu yana karawa da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan ƙwararru, yana shan ture da bangaza a hannunsa har ya goge. Sau uku a jere, a 1982 da 1983 da 1984, jami'arsa ta kai cikin huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka. A 1983 sun kai wasan ƙarshe, aka cinye su da maki 54 da 52 a daidai ƙiftawar idon ƙarshe, amma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 suka sake kaiwa, Jami'ar Georgetown ta ka da su, ɗan tsakiyarta kuwa shi ne Patrick Ewing. Ya bar jami'a bai ɗauki kofi ba. A wannan shekara ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi, shi ne na ɗaya cikin dukan matasan da aka zaɓa zuwa gasar ƙwararru ta NBA. Michael Jordan, wanda duniya ta sani, shi ne na uku.

Shekarun zafin rai

Ba mu kawo wannan mutum a matsayin wanda bai taɓa tuntuɓe ba. Shi da kansa ya sha faɗa cewa a shekarunsa na farko a Amurka ya yi sakaci da addini. Yaro ne ya bar gaban iyayensa, kuɗi suka zo masa da yawa tun bai kai shekara 25 ba, ga tafi da yabo ko'ina. An san shi a lokacin da saurin fushi, yana faɗa da abokan hamayya, yana sa-in-sa da alƙalan wasa. A 1986, a wani babban wasa da ƙungiyar Los Angeles, an kore shi daga fili saboda dambe, alhali ƙungiyarsa tana matuƙar bukatarsa.

A ƙarshen shekarun 1980 ya fara komawa masallaci a Houston, yana zama gaban masu ilmi. A watan Janairun 1991 gwiwar hannun wani ɗan wasa ta same shi a fuska, ƙashin kewayen idonsa ya karye, ya yi kusan wata biyu ba ya wasa. Da ya dawo, a watan Maris na wannan shekara, sai ya ba da sanarwar gyara rubutun sunansa. Da ana rubuta Akeem, kamar yadda harshen Yarabawa yakan sauke harafin farko, sai ya mayar da shi Hakeem, yadda yake a Larabci. Harafi ɗaya ne, amma masu nahawu sun san nauyinsa. Kalmar daga hikima take, watau sanya kowane abu a muhallinsa. Da alif da lam suna ne daga sunayen Allah kyawawa, ba tare da su ba kuwa ya halatta a kira bawa da shi. Allah Ya ambaci cewa Ya bai wa Luƙmanu hikima, kuma a aya ta 269 ta Suratul Baƙara Ya bayyana cewa samun ta alheri ne mai yawa.

Daga nan ya yi aikin Hajji, ya lazimci karatun Alƙur'ani a gida da cikin jirgin sama, yana tafiya da dardumarsa da na'urar gane alƙibla duk garin da wasa ya kai shi. Halin mutum ba ya sakewa dare ɗaya. A 1992 ya yi mummunan saɓani da shugabannin ƙungiyarsa a kan albashi da wani rauni da suka yi shakkar gaskiyarsa, har ya nemi a sallame shi, daga baya aka sasanta. Amma waɗanda suka yi wasa da shi sun shaida cewa dambe da hayaniya sun ragu har suka ɓace, natsuwa ta maye gurbinsu. Hadisi ingantacce na Buhari da Muslim ya karantar da mu cewa ƙarfi na gaskiya yana ga mai mallakar kansa a lokacin fushi, ba ga mai ka da mutane a kokawa ba. Abin lura kuwa shi ne, shekarun da ya fi ƙwarewa a sana'arsa su ne waɗanda suka biyo bayan wannan tuba. A 1994 ya ci lambar gwarzon shekara, da ta wanda ya fi kowa tsaron kwando, da ta gwarzon wasannin ƙarshe, duka a shekara ɗaya, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa kafinsa. Ƙungiyarsa ta ɗauki kofi bayan ta ka da New York, wadda ɗan tsakiyarta shi ne Ewing ɗin nan da ya hana shi kofi shekara goma baya. A 1995 suka sake ɗauka. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Ma'aikacin da jama'a ke tsoron shiga ofishinsa saboda tsawa, da ɗan kasuwar da ke rantsuwa yana zage-zage a kan ciniki, su duba wannan. Fushi yana rufe ido, wanda idonsa ya rufe kuwa ba ya ganin maslahar kansa, balle ta waɗanda aka ɗora masa amanarsu.

Azumi a fagen wasa

A gasar NBA kowace ƙungiya tana yin wasa 82 a shekara kafin a shiga zagayen ƙarshe, kowane wasa minti 48 ne na gudu da tsalle, ga tafiye-tafiye tsakanin birane masu nisa. A shekarun ganiyarsa watan Ramadan yana faɗowa ne a tsakiyar lokacin gasa. Bai ajiye azumi ba. A shekarar Hijira ta 1415 azumi ya kama a farkon Fabrairun 1995, kuma a wannan watan ne aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a gasar baki ɗaya.

Wajibi ne mu faɗi al'amarin yadda yake, don kada a ƙara masa gishiri. Lokacin sanyi ne a can, yini gajere ne, kuma yawancin wasanni da dare ake yi bayan an sha ruwa. Amma horo da rana ake yi, kuma akwai wasannin da ake bugawa da rana tsaka, waɗanda ya yi su ba tare da ya kurɓi ruwa ba, abokan wasansa suna sha a gabansa.

Ta fuskar hukunci, Allah Ya yi wa matafiyi da majinyaci sauƙi a aya ta 184 da ta 185 ta Suratul Baƙara, su sha su rama. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar da ke halatta wannan ita ce wadda ake yin ƙasaru a cikinta, watau mil 48, kamar yadda yake a Risalar Ibn Abi Zaid, kuma yin azumin ya fi ga wanda yake da iko. Saboda haka direban da ya ɗauko kaya daga Shinkafi zuwa Ikko, in ya sha bai yi laifi ba, kada wani ya goranta masa da labarin ɗan ƙwallo. Mai aikin wahala a gida kuwa, kamar manomi lokacin girbi, malamanmu sun ce ya kwana da niyya, ya wayi gari da azumi, sai in wahala mai tsanani ta same shi sa'an nan ya sha ya rama. Abin da ba shi da madogara shi ne mutum lafiyayye, mazaunin gida, ya yanke tun da dare cewa gobe ba zai iya ba. Haka kuma ma'aikacin da ke mayar da azumi hujjar zuwa ofis da hantsi, ya kife kai a kan tebur, ya tashi kafin azahar, takardun bayin Allah suna jibge. Albashin da yake karɓa na cikakken wata ne, kuma za a tambaye shi.

Dukiya ba tare da riba ba

Nan ne maganar ta fi shafar 'yan kasuwa. Olajuwon ya ajiye wasa a 2002, bayan shekara 17 a Houston da ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada. Ya tara maki 26,946, ya kaɗe ƙwallo sau 3,830, adadin da har yau ba a rubuta wa kowa irinsa ba a tarihin gasar. Tun yana wasa ya fara sayen filaye da gine-gine a Houston yana sayarwa. A Amurka kusan dukan masu wannan sana'a da bashin banki suke yi: mutum ya sa kaɗan daga aljihunsa, ya ranto sauran da ruwa, don ya sayi abin da ya ninka ƙarfinsa. Shi kuwa ya ƙi. Abin da kuɗinsa suka iya saye shi yake saye, ya biya lakadan, abin da ya fi ƙarfinsa ya bar shi. Ya bayyana cewa addininsa ne ya hana shi bayar da ruwa ko karɓa. Wannan ya rage yawan abin da zai iya riƙewa a lokaci ɗaya, amma ya ba shi wani fifiko: mai sayarwa ya fi son wanda zai biya nan take, ba wanda zai jira amincewar banki ba, kuma wanda ba a bin sa bashi ba mai tilasta masa ya karyar da kaya in kasuwa ta faɗi. Jaridun Amurka sun ƙiyasta ribar cinikinsa da fiye da dala miliyan 100. A 2008 kuwa duniya ta ga abin da bashin gidaje mai ruwa ya jawo wa Amurka, sa'ad da manyan bankuna suka durƙushe, mutane masu yawa suka rasa muhallinsu.

Mun san abin da mai karatu zai ce: wanda ya tara miliyoyi a wasa ba wuya ya guje wa bashi, mai neman jarin buhu goma fa? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu kore ta ba. Amma a lura da abu biyu. Na farko, mafi yawan masu cin bashi da ruwa a duniya ba matalauta ba ne, masu hali ne da ke son ninka abin da suke da shi. Yawan dukiya ba ya kashe kwaɗayi, sau da yawa ma ƙara shi yake yi, saboda haka tsayawar mai kuɗi a kan iyaka jarrabawa ce ta gaske. Na biyu, Shari'a ba ta rufe ƙofa ɗaya ba sai da ta buɗe waɗansu. Aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta halatta ciniki ta haramta riba a wuri ɗaya. Akwai ƙirali, watau mai dukiya ya ba da jari, mai ƙarfi ya juya, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi ba da sakaci ba mai dukiya ya yi hasarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi hasarar wahalarsa. Akwai tarayya. Akwai sayarwa zuwa ajali a kan farashin da aka yanke tun farko, wanda ba ya ƙaruwa in an yi jinkiri. Akwai salam, watau a biya manomi kuɗi gaba ɗaya yanzu, a kan hatsi sananne, da awo sananne, zuwa lokaci sananne.

Waɗannan ba baƙin abubuwa ba ne a ƙasar Hausa. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja da jarin iyayen gidansu suke tafiya. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya riƙa ba yaransa kuɗi suna sayo masa gyaɗa, da yawansu suka zama attajirai. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da audugar wannan yanki a kan amana tsakanin ubangida da yaronsa suka riƙa fita. Yau kuma akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, na farkonsu a ƙasar nan, Jaiz, ya fara aiki a 2012. Wanda bai san hukuncin wata hulɗa ba ya tambayi malamai kafin ya sa hannu.

Kada kuma a ɗauka riba a banki kaɗai take. Wanda ya ranta wa manomi buhun gero ɗaya da damina a kan ya biya biyu da kaka, ya ci riba. Ma'aikacin da ke ranta wa abokin aikinsa kuɗi a kan ƙari in albashi ya fito, ya ci riba. Irin wannan ta fi muni, domin a kan mabukaci maƙwabci take faɗawa, musamman a wannan lokaci da rashin tsaro ya raba mutanenmu da yawa da gonakinsu da dabbobinsu. Aya ta 279 ta yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari, ta 280 kuwa ta yi umurni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci.

Takalmi, masallaci da gunki

Abubuwa uku za su ƙara nuna halinsa game da dukiya da suna. A 1995, sa'ad da sauran taurari ke sa sunansu a kan takalman da ake sayarwa fiye da dala 100, shi ya yarda kamfanin Spalding ya sa nasa a kan takalmin dala 35. Hujjarsa ita ce, uwa matalauciya mai 'ya'ya uku ba za ta iya sayen masu tsada ba, kuma tsadar tana tura yara ga sata, wani lokaci har da kisa.

A 1994 ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin Houston, aka gyara shi, aka buɗe shi a 2002 ya zama masallaci da cibiyar kira zuwa ga Musulunci. Bayan ya bar wasa kuma ya kwashi iyalinsa zuwa Amman ta ƙasar Urdun domin koyon Larabci da ilmin addini, yana mutum mai shekara 40 da suna a duniya, ya zauna a sahun ɗalibai.

A 2008 aka sa shi cikin jerin gwarazan wasan na tarihi. A wannan shekara ƙungiyarsa ta so ta girmama shi a ƙofar filinta, kuma al'adarsu ita ce a ƙera mutum-mutumin ɗan wasa. Saboda addininsa ba a yi haka ba, sai aka ƙera siffar rigarsa mai lamba 34 da tagulla. Malamanmu na Malikiyya sun haramta sassaƙa cikakkiyar surar abu mai rai wadda take da inuwa.

Iyakar abin koyi

Olajuwon ba malami ba ne, ba kuma daga gare shi ake ɗaukar fatawa ba. Motsa jiki a kan kansa halal ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suka yi wasan masu a masallacinsa. Amma da sharuɗɗa: a rufe al'aura, wadda ga namiji daga cibiya take zuwa gwiwa, kada wasa ya sa a tozarta salla, kuma kada caca ta shiga. A wuraren wasannin ƙwararru akwai abubuwa da yawa da Shari'a ba ta yarda da su ba. Shagunan cacar ƙwallo da suka yaɗu cikin garuruwanmu, da wadda ake yi ta wayar hannu, haramun ne bisa nassin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma iyaye su sa ido. Yaron da ya ji wannan labari ya ce zai bar makaranta ya bi ƙwallo, a tuna masa cewa ta ƙofar makaranta shi wannan ya shiga, kuma cikin dubban da ke nema ɗaiɗaiku ne ke samu.

Abin da muke so ɗan kasuwa da ma'aikaci su riƙe shi ne, mutumin nan ya yi aiki a ƙarƙashin shugabannin da ba Musulmi ba, a ƙasar da ba a tashi daga aiki don Juma'a, amma ya faɗi iyakarsa a fili, ya kuma ƙware a aikinsa har ba wanda ya sami abin cewa. Mu kuwa kiran salla yana iske mu har cikin rumfa da ofis. Kowa ya zauna ya duba littafin cinikinsa da sa'o'in aikinsa, ya fitar da abin da ya san ba nasa ba ne tun yana da iko.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga riba da cin amana, Ya ba yankinmu da ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, Ya sa mu cika da imani.